Wake na warin magani, ya zan yi da shi?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema don Allah. Jiya maigida ya shigo da wake kwano biyar, fari tas, ko huji ɗaya babu, ga shi muna tsakiyar damina. Ina buɗe ledar wani wari ya buge ni irin na shagon maganin feshi, in na tura hannu ciki na fito da shi sai in ga farin gari a yatsuna. Na wanke sau uku na ɗora, ya tafasa, warin yana nan. Na sauke ban ba yara ba. Maƙwabciyata ta ce in shanya shi kwana biyu a rana zai fita. Haka ne?

Hajiya Babba: Wa'alaikumus salam 'yar nan. Allah ya yi miki albarka da kika sauke. Ni dai tun tuni na daina sayen waken da ya fi ƙarfin ƙwaro. Wake a wannan lokacin a ce ba huji ko ɗaya? Abin da ƙwaro ya gani ya gudu, ni ma ba na ci.

Ɗan Dawanau: Hajiya, a yi mana adalci dai. Ba duk wake mai kyau ne aka zuba wa magani ba, yanzu da yawa a buhu mai leda muke ajiya. Amma wanda yake wari har da gari a hannu, wannan kam an zuba masa wani abu, ba musu.

Malamin Gona: Maman Walida, amsar maƙwabciyarki ta danganta da abin da aka zuba, kuma ke ba ki san shi ba, nan matsalar take. Magungunan nan iri biyu ne a wajenmu. Akwai masu zafi nan take amma ba sa daɗewa, irin su fiya-fiya. Shi ne aka riƙa samu a wakenmu har Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya a 2015. Yana iya kashe mutum a rana ɗaya, amma iska da rana da lokaci suna cin ƙarfinsa. Sai kuma tsofaffin nan, dangin DDT da Gamalin da diyaldirin da endosulfan. Waɗannan ba ruwansu da rana. Ba sa narkewa a ruwa balle wanki ya ɗauke su gaba ɗaya, tafasa ma ba ta kashe su. Hukumar NAFDAC ta haramta su tun 2008, a shekarar da ɗalibai mata sama da 100 suka kwanta asibiti a jihar Gombe bayan sun ci wake, amma har gobe za ka ga ana ƙulla gari ko ruwa a leda ba suna ba takarda ana sayarwa a kasuwar ƙauye. Shawarata kada ki ci. Ki mayar masa.

Maman Walida: Malam, kwano biyar fa. In ya ƙi karɓa sai in barbaɗa wa kaji, ko in jiƙa wa akuya, da dai a yi asara.

Malama Ta Kimiyya: A'a Maman Walida, don Allah kada ki yi haka! Wannan shi ne ainihin inda mutane suke kuskure. Bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Abin da ya haɗa DDT da lindan, wato sinadarin da ke cikin Gamalin, da man tsohuwar taransifoma da abin da ake kira diyoksin, gubar da ƙona shara ke haifarwa, shi ne dukkansu suna ɗauke da kulorin a manne da jikinsu, mannewar da ƙwayoyin halittar ƙasa da hantar ɗan Adam suke shan wahala kafin su kwance. Ba sa son ruwa, maiƙo suke so. Abin da ke narkewa a ruwa, ƙoda tana tace shi ya fita a fitsari. Wanda ke narkewa a maiƙo kuwa kitse yake nema ya kwanta. To in kaza ta ci, ina zai tafi? Kitsenta da gwaiduwar ƙwai. In akuya ce ko saniya, kitse da nono da man shanu. Kin ga ba zubarwa kika yi ba, ajiya kika ba kazar, kuma za ta dawo miki da shi a soyayyen ƙwai. Har ma ya fi taruwa, domin dabba tana ci kullum kaɗan-kaɗan, ba ta fitarwa.

Diyoksin in ya shiga jikin mutum, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sai an yi shekara 7 zuwa 11 kafin rabinsa ya fita. Rabi fa. Kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ke shiga jikinmu ta abinci yake bi, musamman nama da nono da kifi.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Wato mu da muka taso ana fesa mana a ɗaki muna nan da namu a jiki.

Baba Mai Ritaya: Sosai kuwa Hajiya. Ni haifaffen ƙasar Gwandu ne. Wajen tsakiyar shekarun 1950 aka yi babban gwajin yaƙi da sauro a yammacin lardin Sakkwato, yankin Birnin Kabi, ana bi gida-gida ana feshin bango da DDT da diyaldirin. Ba a yi nisa ba sauro ya saba da diyaldirin ɗin. Haka aka yi shekaru ana fesa su a kurmi da bakin rafi don a kori tsando saboda sammoren shanu. Ba zan ce bai yi amfani ba, ya yi, dazuka da yawa da shanu ba sa shiga sun buɗe. A lokacin ba wanda ya gaya mana abin yana zama.

Amma ni abin da na fi sani shi ne man taransifoma, a kansa na yi aiki har na ajiye. Tsofaffin taransifoma da yawa an cika su da mai mai sinadarin PCB, saboda ba ya kama wuta da wuri kuma ba ya lalacewa. Amurka ta hana yin sa a 1979, amma taransifoma tana iya shekara arba'in tana aiki, kuma in ana ƙara mai ana juyawa da durom ɗaya da tiyo ɗaya, sai tsohon ya gurɓata sabon. Da ido ba za ka bambance ba, sai an gwada. Mu a da hannu muke tsomawa har gwiwar hannu, mu goge da tsumma mu ci abinci. Mutane kuma suna zuwa da kwalba suna roƙo, wannan ya ce na ciwon gwiwa ne, wannan ya ce ƙazuwa, wata ta ce gashi yake sa wa tsawo. Masu injin walda na gida ma shi suke nema su zuba a ciki. Na ba mutane da hannuna, Allah ya yafe mana. Yau ko ɗana ne ya zo da kwalba sai na kore shi.

Ɗan Dawanau: Baba, da gaske ne wai ana haɗa shi da man suya? Ni ina ji ana faɗa.

Baba Mai Ritaya: Ni dai ban kama kowa da idona ba, ba zan ɗora wa mai ƙosai laifi ba. Abin da na gani shi ne ana fasa taransifoma da dare a tsiyaye man, kuma wanda ya sata ba sha zai yi ba, sayarwa zai yi. In kun ga mai a jarka ba alama, arha ta yi yawa, ba ya ƙamshin gyaɗa ba ya ƙamshin komai, ku bar shi.

Malama Ta Kimiyya: Abin da zai faru in ya shiga man girki ba hasashe ba ne, an gani. A Japan a 1968, PCB ya yoyo cikin man dusar shinkafa a wata masana'anta. Kaji ne suka fara mutuwa da dubu ɗaruruwa, ba a farga ba, sai mutane suka biyo baya. Kimanin mutum 14,000 suka kai ƙorafi. Ƙuraje masu baƙin kai a fuska da baya, ido yana kwantsa, farce da dasashi sun yi duhu, ga kasala. Matan da ke da ciki suka haifi jarirai ƙanana fatarsu ta yi duhu. A 1979 aka maimaita irinsa a Taiwan, kuma da aka bi yaran da aka haifa aka ga sun fi sa'o'insu jinkirin fahimta. A Beljiyom kuma a 1999, cikin kitsen da ake haɗa abincin kaji man ya shiga, aka kwashe kaji da ƙwai daga kantuna, gwamnati ta faɗi zaɓe a shekarar.

Maman Walida: Innalillahi. Ni yanzu tsoro ya kama ni. Ina shayarwa, Walida wata biyar. In har abin yana bi ta nono, ba gara in koma madarar gwangwani ba?

Anti Nas: Ƙanwata, tsaya. Kada ki kuskura. Na san za a zo nan, shi ya sa nake bin hirar shiru. Gaskiya ne ana samun ɗan burbushin waɗannan abubuwa a nonon uwa, a ko'ina a duniya, har a wajen mutanen da ke zaune can ƙarshen arewa cikin ƙanƙara inda ba a taɓa feshi ba, iska da teku suka kai musu. Masu binciken da suka auna ɗin su ne dai suka ce a ci gaba da shayarwa, nono zalla wata shida, domin amfaninsa ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba. Ni a ɗakin yara nake aiki. Abin da nake gani yana kwantar da jarirai a gabana gudawa ce da tamowa, kuma sau da yawa daga bulumboti ne da ruwan da ba a tafasa ba. Ki ci gaba da ba ta nononki. Abin da za ki gyara shi ne abin da ke shiga bakinki daga yau, ba abin da ke shiga nata ba.

Kuma tunda ba ku ci waken ba, ba abin da ya same ku. Wanda ya ci da yawa a lokaci ɗaya, alamominsa amai, jiri, rawar jiki, har farfaɗiya, musamman da lindan ko endosulfan. In haka ta faru asibiti kai tsaye, a tafi da ragowar abincin ko ledar maganin. Kada a ɗura wa mutum manja ko madara kamar yadda aka saba. Da irin wannan gubar mai son maiƙo, taimaka mata kuke yi ta shiga jini. Kada kuma a sa shi amai dole.

Hajiya Babba: Kai! Manja fa shi ne abin da muka sani tun kakanni. Yau na ƙaru.

Anti Nas: Wani abin kuma, Hajiya, ki taya mu faɗa wa mata. Maganin ƙwari a kan yara don kwarkwata. Na karɓi yarinya 'yar shekara shida an shafa mata a ka an ɗaure da ɗankwali ta kwana, da asuba tana fizge-fizge. Ta tashi, alhamdu lillahi, amma mun sha wuya. Kwarkwata a tsefe, a taje da mataji mai ƙananan haƙora, a wanke kayan kwanciya, in ta ƙi a je kemis mai lasisi a nemi na mutane.

Alhaji Na Maraɗi: Salamu alaikum. Ni zan koma kan wake, don nan ne sana'ata. Mu nan shekaru ke nan da muka koma buhun PICS, wanda wasu ke cewa buhu mai riga uku. Leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, an faro binciken a arewacin Kamaru, aka yaɗa shi a ƙasashenmu daga 2007, cibiyar binciken noma ta INRAN a nan Maraɗi da IITA a Kano duk sun yi aikin. Ba magani ko kaɗan. Ƙwaron da ke ciki shi zai shanye iskar da ta rage, in ta ƙare ya mutu, ƙwansa ma bai yin komai.

Amma akwai sharaɗi, don na ga masu cewa sun gwada bai yi ba. Wake ya bushe ƙayau, ka ciza ka ji ƙas. A tsince kara da tsakuwa don kada su huda leda. Kafin ka zuba ka hura ledar ka danna ka ji ko tana fitar da iska. Ka zuba, ka matse iska, ka murɗe bakin ta farko ka lanƙwasa ka ɗaure, sannan ta biyu daban, sannan buhun waje daban. Kowace da ɗaurinta. Ka ɗora bisa katako, nesa da bango, saboda ɓera shi ne babban abokin gaba. Kuma ba a buɗewa kullum ana ɗiba. Na gida da za a riƙa ci, a raba shi a jarka.

Hajiya Babba: Mu da toka muka sani. A tankaɗe tokar murhu, kwanon toka kwanon wake, a cakuɗa a tukunya a rufe sama da toka. Ko yashi mai laushi. Shekara yake yi.

Malamin Gona: Tana aiki har yanzu Hajiya, in dai tokar itace ce ko ta kara zalla, ba wadda aka hura wutarta da leda ko takalmin roba ba. Jarka ma tana yi, a cika ta har wuya a toshe da leda a murɗa murfi. Sai dai a san asalin jarkar. Wadda aka taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai a ciki, ko an wanke da omo sau goma ba ta koma ta abinci. Mai firiza kuma, in wuta ba ta yankewa, ya sa kwano biyu ko uku na kwanaki, ƙwaro da ƙwansa sun gama.

Sai irin shuka. Wanda kuka ga an rina shi ja ko shuɗi ko kore, an yi haka ne don a san ba na ci ba ne. A Turkiyya tsakanin 1955 da 1959, lokacin ƙarancin abinci, mutane suka niƙa alkamar iri da aka yi wa magani da wani sinadari daga wannan dangi. Dubbai suka kamu da ciwon da fata ke yin bororo in rana ta taɓa ta, jarirai masu shan nono da yawa suka mutu. Magungunan irin yanzu ba wancan ba ne, amma dokar ɗaya ce, ragowar iri ba ya shiga tukunya, ba ya shiga akurki.

Ɗan Yauri: Ku ba ni dama in sa baki a kan kifi. Ina yaro na ga yadda ake zuba Gamalin a gurbi in ruwa ya ja baya. Kafin a jima sai ka ga kifi ya taso ciki sama, manya da 'ya'ya, har kwaɗi. Tsofaffin masunta suna tsine wa abin, don gurbin da aka zuba wa sai ya yi shekaru bai dawo daidai ba. Yanzu ya ragu sosai amma ban ce ya ƙare ba. Sannan akwai masu yayyafa wa busasshen kifi magani kafin a ɗaure kwali, saboda ƙwaro mai cin banda. Yadda nake saye: in na ga kifi a tire a buɗe, na maƙwabcinsa ƙuda na bi, nasa ko ɗaya, sai in wuce. In shinshina, in ji hayaƙin itace. Kuma na fi son in san mai bandar.

Maman Walida: To ɗanyen kifin fa Yaya, akwai wanda ya fi wani?

Ɗan Yauri: Malama za ta gyara min in na kauce. Kifin da ke cin kifi, irin giwan ruwa, da wanda ya tsufa ya yi kitse, irin ƙatuwar tarwaɗar da ke kwance a laka, su suka fi tarawa. Karfasa matsakaiciya ta fi sauƙi. Ba cewa na yi a daina ci ba, ni ma gobe in na samu giwan ruwa sai na ci.

Malama Ta Kimiyya: Ba ka kauce ba. Ƙari kawai, a cire kayan ciki da kitsen ciki da fata in mai kitse ne, a gasa yadda man zai ɗiga ƙasa. Yana ragewa, ba ya kawarwa. Haka nama, a rage kitse. Kuma a riƙa sauyawa, yau kifi gobe wake jibi ƙwai, kada a dogara da abu ɗaya daga wuri ɗaya kullum. Inda ya fi muhimmanci shi ne 'yan mata da matan da ke sa ran haihuwa, don abin da jiki ya tara tun ƙuruciya shi ne yake isa ga ɗan tayi.

Yaya Na Nima: Gaisuwa daga Ankara, babban birnin Gana. Kun yi maganar ƙwai, to mu nan mun ga abin da idonmu. Agbogbloshie, inda 'yan gwangwan suke fasa tsofaffin kwamfuta da firij da talbijin, yawancinsu yaranmu ne daga arewacin Gana, har da na Nijar da Najeriya. Sai a tara wayoyi a cinna musu wuta da soson firij ko taya don a ciro jan ƙarfe. Hayaƙi baƙi ƙirin, kaji da awaki suna kiwo a cikin tokar. A 2019 wasu ƙungiyoyi biyu, IPEN da BAN, suka ɗauki ƙwan kajin wurin suka gwada. Suka ce babban mutum in ya ci ƙwai ɗaya tak, ya wuce abin da hukumar abinci ta Turai ta ce jiki zai iya ɗauka na diyoksin a rana har sau 220. Ƙwai ɗaya. An rushe wurin a 2021, amma sana'ar ba ta mutu ba, watsuwa ta yi cikin unguwanni. Ni tun lokacin in za a kawo min ƙwan gida sai na tambayi inda kazar take kiwo.

Malama Ta Kimiyya: Yaya ka taɓo inda ya fi damuna. Diyoksin ba wanda yake ƙera shi da gangan, ba a sayar da shi a kasuwa. Wuta ce take haifar da shi, in ana ƙona shara mai kulorin a ciki, kamar rigar wayar lantarki da bututun roba na famfo da ledar shimfiɗar ɗaki, a wutar da ke ci tana cijewa tana hayaƙi. Injin ƙona shara na gaske sai ya haura digiri 850 kafin a ce ya ƙone shi. Wutar bolar bayan gida ba ta kai ko kusa ba. Sai ya bi hayaƙi ya sauka a ciyawa, ya zauna a toka. Mu kuma mu kwashe tokar bola mu kai gona a matsayin taki, kajinmu su yi ta tono a wurin.

Hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa mafi munin diyoksin a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa tun 1997, PCB a 2013, lindan a 2015. DDT kuma an ce mai yiwuwa ne ƙwarai. Ban da kansa akwai raunin garkuwar jiki, da rikita sinadaran haihuwa, da taɓa ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Duk a hankali suke zuwa, shi ya sa ba mai danganta su da bolar da aka ƙona shekara goma baya.

Hajiya Babba: To ni da nake hura gawayi da leda kullum safe?

Malama Ta Kimiyya: Ki koma kara da tsinke ko ɓawon gyaɗa, Hajiya. Ledar ruwa ba ta cikin masu kulorin, amma hayaƙinta ma ba alheri ba ne a ƙirji, kuma in an saba, wata rana guntun waya ko silifa za a jefa.

Ɗan Fawa: Na san ni ake jira. Babbaka da taya. Ba zan yi ƙarya ba, ana yi, don itace ya yi tsada, taya kuma kusan kyauta ce ga wuta mai ƙarfi. Kai da ƙafa da ganda su suka fi shan ta. Mu a rumfarmu mun koma gas shekara uku ke nan, kuɗin babbaka ya ɗan hau, wasu masu saye sun gudu wasu sun zo. Yadda za ki gane: wanda aka yi da taya in kin murza da yatsa baƙin yana da danƙo kamar kwalta, warin roba yana nan ko an kankare. Na itace ko gas, ja-ja yake, yana ƙamshin gashi. In da hali ki sayi ɗanye ki sa a yi a gabanki, ko a yi miki fiɗa da ruwan zafi. Da layya kuma ku hana yara jefa taya da roba a wutar babbaka, na ga ana yi a unguwa.

Ɗan Dawanau: Ni tambayata, duk wannan ba aikin gwamnati ba ne? Mu talakawa nawa za mu iya?

Baba Mai Ritaya: Doka akwai, ɗana. Tun da aka jibge dubban durom na sharar guba daga Italiya a garin Koko na jihar Delta ta yau a 1988, har da PCB a ciki, aka yi dokar hana shigo da shara mai cutarwa, aka kafa hukumar kare muhalli. Duniya kuma ta yi yarjejeniyar Sitokholm ta hana irin waɗannan sinadarai masu daɗewa a 2001, ta fara aiki a 2004, aka fara da sinadarai 12, aka ƙara lindan a 2009, endosulfan a 2011. An bar DDT don sauro kaɗai, a bangon ɗaki, a hannun ma'aikatan lafiya, ba a gona ba. A cikinta aka ce a daina amfani da kayan wuta masu PCB zuwa 2025, a gama lalata su zuwa 2028. Najeriya da Nijar da Gana duk suna ciki. Takarda ta yi kyau. Amma ba jami'in da zai shigo kicin ɗin Maman Walida ya shinshina mata wake.

Alhaji Na Maraɗi: Mu ma nan tsohon diyaldirin da aka tara don yaƙi da fara, da aka hana shi, sai da aka kwashe zuwa Turai aka ƙone, don ba mu da inda za a ƙona. Wanda ya ga tsoffin gangunan magani a wani sito da aka manta, kada ya ɗauka ya yi randa da su, ya gaya wa ma'aikatan gona.

Maman Walida: Na dawo. Maigida ya mayar. Da farko mai waken ya ce shi bai zuba komai ba, haka ya saro. Da aka tura hannu aka nuna masa garin sai ya yi shiru, ya karɓi kwano huɗu ya canza da wani mai ɗan huji. Wanda na riga na dafa na haƙa rami can bayan gida nesa da rijiya na binne, don kada kaji su samu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne kwano huɗun nan wani zai saya gobe.

Ɗan Dawanau: Ki turo min layin da yake ta bayan fage, ba a nan ba. Akwai shugabannin kasuwa, zan yi musu magana a hankali.

Maman Walida: To Yaya, na gode. Alhaji, buhun nan akwai ƙarami? Mu ba za mu iya cika babba ba.

Alhaji Na Maraɗi: Akwai mai cin kilo 50, akwai na 100. In kaka ta yi ku haɗu ku uku ko huɗu ku sayi wake daga hannun manomi tun bai shiga sito ba, kowa ya ɗauki rabonsa ya zuba a jarka.

Hajiya Babba: A sa da ni, kwano goma. Toka kuma ina da ita buhu guda, mai so ya aiko yaro.